Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga magidantan Damagaram kan aikin cire mahaifa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da malamai, ƙannena da 'ya'yana magidanta na birnin Damagaram da karkararsa, ina gaishe ku, ina gaida iyali. Mai wannan wasiƙa tsohuwar ungozomar asibiti ce da ta aje aiki, kuma shekaru sun ba ta damar faɗin abin da yarinya za ta ji nauyin faɗa a gaban maza. Ku yi haƙuri da ni in na kira wasu abubuwa da sunansu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar aikin cire mahaifa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na nufo ku da ita ne saboda a ƙasar nan, in likita ya ce sai an yi wa mace wannan aiki, ku ake nema a bakin ƙofa. Ku ake miƙa wa takarda, ku ke sayen magani, kuma gidanku za ta koma jinya. Duk da haka da wuya a samu namijin da aka taɓa zaunarwa aka yi masa bayani. Abin da mafi yawa suka sani shi ne abin da ake faɗi a fada ana jiran shayi ya nuna: wai an kwashe mata ciki, wai ta zama namiji, wai ba ta da sauran amfani.

Bari in fara da abin da ake cirewa. Mahaifa jaka ce ta tsoka a ƙasan mara, tsakanin mafitsara da hanjin bayan gida. In babu ciki, ba ta wuce dunƙulen hannun mace ba, tsawonta santimita 7 zuwa 8. Ita ke riƙe ciki, ita ce kuma ke zubar da jinin al'ada duk wata in ciki bai shiga ba. A dama da hagunta akwai gidajen ƙwai guda biyu. Su ne ke fitar da ƙwan haihuwa, su ne kuma ke samar da sinadaran da ke riƙe da ƙarfin ƙashin mace da danshin gabanta da sauran yanayin jikinta. Cire mahaifa daban, cire gidajen ƙwai daban. In an bar mata su, jikinta zai ci gaba da tafiya yadda yake har zuwa shekarun da al'ada kan ɗauke wa kowace mace, tsakanin 45 da 55. Abu biyu ne suka tafi ba dawowa: jinin al'ada da ɗaukar ciki. In kuwa larura ta sa an haɗa da gidajen ƙwan duka biyu, to alamomin ɗaukewar al'ada za su zo mata nan take ko shekarunta 30 ne. Za ta riƙa jin zafi na taso mata, ta yi zufa da dare ko cikin hunturu, barci ya yi wuya, gaba ya bushe. Akwai maganin da likita kan rubuta don wannan, ya danganta da ciwon da ya jawo aikin.

Shi aikin ma ba iri ɗaya ba ne. Wani lokaci a cire mahaifa da bakinta, wani lokaci a bar bakin, in kuma kansa ce, wato ciwon daji, a haɗa da naman da ke kewaye. Ana bi ta ciki a tsaga mara, ana bi ta gaba ba tare da tabo a waje ba, inda akwai kayan aiki kuma ana bi ta ƙananan huda da na'ura mai kyamara.

Wanda ya fi zuwar mana a nan shi ne na gaggawa, na daren haihuwa. Za a kawo mace daga wani ƙauye na Magarya ko Tanut ko Gure, ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, an ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da ake kira CSI, daga can ambilans. Haihuwa ta takwas ko ta tara. Naƙudar da ta hana ta sakat ta tsaya cak, uwar miji har tana cewa alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Ka ɗaga fatar idonta ka ga fari fat, ka taɓa tafin hannunta ka ji sanyi, ka dafa cikin ka ji gwiwar jariri a ƙarƙashin fata. Mahaifa ta fashe. Wata kuma ta haihu lafiya, sai mahaifar ta ƙi tsukewa, jini na bin zane. Wata mabiyiya ce ta manne a kan tabon sezariyan na baya, wato aikin tsaga ciki a ciro ɗa, ta ƙi fita.

Ga lissafin da nake so kowane namiji ya riƙe. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa cikin minti ɗaya ya haura rabin lita, alhali duk jinin jikin mai ciki bai wuce kamar lita 6 ba. To a daidai wannan lokaci ne za ka ga maigida ya koma gindin bishiya da waya a kunne, yana neman babban wansa da ke Kano, ko yana cewa sai ya ji ta bakin baba. Na san ladabi ne, na san kuma tsoro ne, kada gobe dangi su ce shi ya sa hannu aka raba ta da haihuwa. Amma mintunan da ake jiran waya ta shiga, daga jikinta ake cire su. Ku kuma masu tafiya cirani Agadas ko Libiya ko Aljeriya kuna barin mace da tsohon ciki, ku bar magana a gida tun kafin ku hau mota: in haihuwa ta zo da gardama a kai ta asibiti ba sai an same ku ba, kuma in tana cikin hayyacinta, amincewarta ta isa.

Kada ku ɗauka likita da wuƙa yake farawa. Kafin a kai ga cire mahaifa saboda zubar jini, ana murza mara, ana yin allurar oksitosin, ana ba da ƙwayoyin misoprostol, ana sa balo cikin mahaifa a cika shi da ruwa don ya danne inda ke zuba. In an buɗe ciki ma, ana gwada ɗaure jijiyoyi ko ɗinke mahaifar a matse ta. Wadda ta fashe, in yagewar ba ta yi muni ba, ɗinkewa ake yi. Sai duk wannan ya gagara ake cirewa, kuma a lokacin zaɓi ya rage tsakanin mahaifar da ran mai ita.

Abubuwan da ke kai mu nan ba ɓoyayyu ba ne: doguwar naƙuda a gida, ɗa ya zo a gicciye ko kansa ya fi ƙarfin ƙugu, danna ciki da hannu don a taimaka, jiƙe-jiƙen zafafa naƙuda, da haihuwa kusa-kusa a kan tsohon ɗinki. Ƙididdigar 2012 ta nuna mace ɗaya a Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, ta 2021 ta nuna 6.2. Tsokar da ta buɗe ta rufe sau bakwai tana bukatar hutu tsakanin ciki da ciki. Tun 2005 gwamnati ta mai da sezariyan kyauta a asibitocinta. Kun sani na sani, kyautar ba ta hana a miƙo maka takardar magani in kaya sun yanke, amma jaka nawa ne wannan in aka gwada da ɗaukar gawa?

Sai jini. Da zarar an ce ana bukatar leda biyu, sai dangin da suka cika harabar asibiti su fara tuna suna da uzuri a kasuwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jikin lafiyayyen namiji na mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran cikin 'yan makonni. Ba ya rage ƙarfin kowa, ba ya taɓa mazakuta.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai, wanda saboda shi na rubuta wannan wasiƙa. Aikin gaggawa ana yin sa mace ba ta san inda kanta yake ba. Likita ya fito ya ja miji gefe ya gaya masa an cire mahaifa. Miji ya ce to, Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Daga nan sai ya haɗiye maganar. Ta farfaɗo a ce mata aiki aka yi, ɗan bai zo da rai ba, sai haƙuri. A sallame ta ta koma gida da rabin labari.

Wata mata ta taɓa zuwar mini shekaru bayan irin wannan dare. Ƙorafinta shi ne tun waccan haihuwar ba ta sake ganin al'ada ba. Ta kwance bakin zanenta ta zube mini layu da ƙullin garin magani a kan tebur, tana lissafa mini inda ta karɓo kowanne. An gaya mata ciki ne ya kwanta, sai an tashe shi. An gaya mata kishiya ce ta ɗaure ta. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta sayar da awakinta biyu, ta yi gaba da matar da ba ta yi mata komai ba. Da na ga tabon mararta na tura ta hoton ciki da ake kira eko. Babu mahaifa. Da aka kira maigidan, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, tausayinta ne ya hana shi faɗa. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce: "Malam, kana kallo na sayar da awakin."

Na yarda tausayi ne ya sa wasunku yin shiru. Wasu kuma gudun rigima ne, kada ta ce da haɗin bakinsu, kada iyayenta su taso. Ko wanne ne, jikinta ne. Tana da haƙƙin sanin abin da aka fitar daga cikinsa, ta yi baƙin cikinta a lokacinsa, ta daina jiran abin da ba zai zo ba. Ɓoyewar tana da haɗari ma ga lafiyarta: in wani ciwo ya same ta gaba, likitan da zai duba ta da labarin da ta ba shi zai yi aiki. (Akwai ma'aikatan asibiti da ke ganin sun sauke nauyi da zarar sun gaya wa miji. Su ma suna da tasu wasiƙar, ba yau ba.) In bakinka ba zai iya ba, ka roƙi likitan ko ungozomar su gaya mata kana zaune a wurin, bayan ta ɗan samu ƙarfi, kafin a sallame ku. Ka bari ta yi tambayoyinta da Hausa, a amsa mata da Hausa, ko da Kanuri ko Fulatanci ko Tamashek in shi ta fi ji.

Abin mamaki, sirrin da aka hana mai shi yakan isa kunnen kowa. Uwar miji ta sani, ƙannen miji sun sani, har ya zama abin gori ranar da aka yi faɗa a tsakar gida. Ita ya kamata ta fara ji, ita kuma za ta zaɓi wanda zai ji bayanta.

Akwai kuma aikin da ba na gaggawa ba, wanda ake sa wa rana. Mafi yawa ƙarin mahaifa ne ke kawo shi, wanda a asibiti za ku ji ana kira fibrom. Tsiro ne na tsoka, ba kansa ba ne, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata. Wata tana da shi har ta tsufa ba ta sani ba. Wata kuma zai sa ta zubar da jini guda-guda kwana goma a wata, ta ɗashe, ta riƙa haki in ta yi shara, ciki ya taso har maƙwabta su fara yi mata barka. Ba kowane ƙari ne ke bukatar cire mahaifa ba. Ana ba da magani don rage jinin, ana iya cire ƙarin kaɗai a bar mahaifar ga mai son haihuwa, ko da yake yakan sake tsirowa, kuma yakan motse da kansa bayan al'ada ta ɗauke. Saboda haka a irin wannan kuna da lokaci, ku yi amfani da shi. Ku tambayi likita, ita ma ta tambaya: akwai wata hanya ban da cirewa? Za a bar gidajen ƙwai? Za a bar bakin mahaifa? Ta ina za a bi? Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a karɓi ranar aiki a ɓace, a tafi wurin mai maganin da ya yi alkawarin narkar da ƙari, a dawo bayan shekara biyu ba jini a jiki.

Zazzagowar mahaifa kuwa ta iyayenmu ce da suka haihu da yawa suka yi aikin ƙarfi. Tsohuwa za ta yi shekaru tana tura abu da hannu tana ɗaure zane, kunya ta hana ta gaya wa ɗanta. Ana gyarawa, sau da yawa ta gaba ake bi.

Kansar bakin mahaifa ita ce ba ta jira. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. A tsawon wannan lokaci gwaji na 'yan mintuna na iya gano ɓarnar da ta fara a bakin mahaifa a magance ta tun ba ta zama kansa ba. Ku ne kuke fara ganin alamarta, domin jini bayan saduwa na cikin alamomin farko. Haka jini bayan al'ada ta ɗauke, da ruwa mai wari da ba ya jin magani. In an kama ta da wuri, cire mahaifa na iya raba mace da ita. In ta bazu, aiki ba ya isa, sai a nufi cibiyar yaƙi da kansa da ke Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, da kuɗin mota da na masauki da na mai jinya. A 2007 gwamnati ta sa kansar mata cikin abubuwan da ake kulawa da su kyauta, amma dokar ba ta kawo mace asibiti. Izininku ne ke kawo ta.

To, ga tambayar da kuke yi mini a ɓoye bayan matan sun fita. A'a, ba rami ake bari ba. Ana ɗinke can ƙarshen farji a rufe, hanji kuma ya zauna a ɗan gurbin da mahaifa ta bari. Hanyar saduwa tana nan, wuraren jin daɗinta suna nan, muryarta ba za ta canza ba, gemu ba zai fito mata ba. Matan da suka yi shekaru suna fama da jini da ciwon mara, da yawansu sun fi samun natsuwa da mazajensu bayan aikin. Sharaɗin shi ne haƙuri: mako shida aƙalla, ko fiye in likita ya ce, sai ɗinkin ciki ya kama. Wanda ya matsa kafin nan zai iya ɓalle ɗinkin ya mai da ita ɗakin aiki. In bushewa ta dame ta daga baya, akwai man da ake sayarwa a farmasi don haka, ba abin kunya ba ne.

Jinyar gida ita ce inda ake yawan ɓata aikin da likita ya gyara. Wadda aka tsaga wa ciki tana bukatar mako shida zuwa takwas. Ku lissafa mata arba'in cur kamar mai jego, ku ƙara. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, kuma na sha ganin mace da ɗinki ɗanye tana jan sa daga bakin ƙofa zuwa madafa saboda mai ga-ruwa a nan ya sauke. Ka ce ya shigar har ciki, ko ka ɗauka da kanka. Ba daka, ba surfe, ba jan guga, ba goyon yaro mai nauyi. Amma kada a kwantar da ita kamar gawa. Ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan a tsakar gida tun kwanakin farko, don zama wuri ɗaya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. A ba ta hanta da wake da zogale, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini har su ƙare, ta sha ruwa sosai don kada bayan gida ya yi tauri ta riƙa yunƙuri.

In aikin na haihuwa ne, tsofaffi za su ɗora tukunyar wankan jego. Ku sa baki cikin ladabi: ba a fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, ba a gasa shi, ba a barbaɗa masa komai. In ɗan yana raye za ta shayar da shi kamar kowa, domin ruwan nono ba daga mahaifa yake zuwa ba. Sai dai in ta zubar da jini mai yawa, nono ya ƙi zuwa sam, ga kasala da ba ta ƙarewa, a gaya wa likita, don zubar jinin kan taɓa wata ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa.

Abubuwan da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari, ɗinki ya kumbura ko yana fitar da mugunya, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi ya yi wuya, ko fitsari na zuba ba ta iya riƙewa. Wannan na ƙarshen kan faru in mafitsara ta samu rauni, daga doguwar naƙuda ko daga aikin, kuma ana gyara shi. Kada a ware mata kwano da tabarma a kai ta ɗakin baya.

Maganar ƙarin aure ba ni zan hana ku abin da addini ya halatta ba. Abin da na gani dai shi ne lefen da ake haɗawa matar gida ba ta ko cire zaren ɗinki ba, da sakin da ake aikowa da shi gidan iyayenta inda ta je jinya. Yawancin waɗannan mata wurin haifa muku 'ya'ya suka rasa mahaifar. Wadda kuma abin ya same ta a haihuwar fari, ba ɗa ba mahaifa, tana shekara 17 ko 18, ita ce ta fi kowa bukatar a sa mata ido. In ta daina cin abinci, ta daina magana, tana kuka ba dalili har makonni suka wuce, wannan ma ciwo ne da ake kai wa asibiti.

Kafin ku bar asibiti, ku nemi a rubuta muku a takarda abin da aka yi: ranar aikin, dalilinsa, ko an bar bakin mahaifa, ko an bar gidajen ƙwai. In an bar bakin, tana bukatar ci gaba da gwajin kansa kamar kowace mace. In an aika naman da aka cire awo, ku koma ku karɓi sakamakon, kada ku ce ai ta warke. Ku kiyaye ranar komawa ko da ta ce ba abin da ke damunta. Takardar kuma a hannunta za ta zauna, cikin kayanta, a samu wanda zai karanta mata ita da harshen da take ji. Ko zama ya ƙare tsakaninku wata rana, da ita za ta tafi.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
tsohuwar ungozomar asibiti,
Damagaram.